Daga Ɗan Ciki Zuwa Dashiki

Ina so mu waiwayi tarihin wata 'yar riga da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, amma ta ƙetare teku ta zama tutar wata al'umma.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Kano ta yi suna wajen tufafi. A karkararmu ta Gwarzo da Kabo, manomi ya noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Buzaye kuwa da turkuɗin Kura suke naɗa rawaninsu.

A wancan zamani sutura ita ke gabatar da mutum kafin ya buɗe baki. Alkyabba ta sarakuna ce, rawani mai kunne biyu na gidan sarautar Kano ne, riga mai aska takwas ta masu hali ce. Ɗan ciki kuwa ƙarƙashin babbar riga yake zama, ba a ado da shi. Yarbawa suka ari rigar da sunanta, suka ce danshiki.

Daga bakin Yarbawa sunan ya isa Amurka. A shekarun 1960 baƙaƙen fata na can, jikokin bayin da aka raba da harshensu da sunayen kakanninsu, suna fafutukar neman 'yanci. Dokar 1964 ta haramta wariya, amma doka ba ta mayar wa mutum asalinsa. A 1967 wani kamfanin baƙaƙe mai suna New Breed, a unguwar Harlem ta birnin New York, ya fara ɗinka wannan riga yana sayarwa da sunan dashiki. Matasa suka ajiye kwat da laktaye suka sa ta, domin duk wanda ya gan su ya san Afirka suke tinƙaho da ita. Abin lura, zanen atamfar da aka fi sanin dashiki da shi kamfanin Vlisco na ƙasar Holan ne ya fito da shi.

Nan ne darasin yake a gare mu. Mu ma yau shaddarmu daga Turai da Sin take zuwa, yawancin masaƙun Kano da Kaduna sun rufe, karofi da dama sun cike da ƙasa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ɗinki da aikin allura.

Ina ba ƙungiyarmu shawara ta nemi dattawan masaƙa da marina da suka rage a Lakwaya da kewaye, a rubuta abin da suka sani, a kuma kai ɗalibai su gani da idonsu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.