Daga Mapo Zuwa Agodi: Yadda Kuɗin Gari Ya Riƙa Sauya Hannu a Badun

Duk sa'ad da mutanen Sabo suka tashi wakilai zuwa wurin ciyaman kan lambatun da ya toshe, ko bolar da ta cinye rabin hanya, ko ajin firamaren da rufinsa ke yoyo, amsar da ake dawowa da ita kusan guda ce: a yi haƙuri, kuɗi ba su sauko ba. Wasu na ɗauka ƙarya ce irin ta 'yan siyasa. Wani sa'in ƙaryar ce. Amma sau da yawa gaskiya mutumin yake faɗi, kuma gaskiyar nan ta girme shi, ta girmi kujerar da yake kai. Tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai hukumar garin Badun ke roƙon gwamnatin da ke samanta abubuwan da har yau ba su canza ba: a bar mata harajin da ta tara, a ba ta rabonta kan lokaci, kada kuma a rushe ta da rana tsaka.

An kafa Sabo a 1916. Jirgin ƙasa ya iso Badun tun 1901, bayan kamar shekara goma layin ya kai Kano, sai fataucin goro da shanu ya buɗe, Hausawa suka yawaita a cikin gari, akasari a gidajen Yarabawa. Hukuma ta ware fili a gefen Mokola ta ce kowa ya tattara ya koma can, ƙarƙashin sarki guda wanda zai amsa sunan kowa. Shekara biyu bayan haka, a 1918, aka fara karɓar haraji kai tsaye a wannan yanki. Kuɗin yana shiga baitulmalin En'e, kuma a zamanin Badun ba ta ma da cin gashin kanta, domin Turawa sun sa ta ƙarƙashin Alafin na Oyo, abin da ya yi wa mutanen gari ciwo ƙwarai. Sai a 1934 suka samu aka raba su. Babban ɗakin taron nan na Mapo da ke bisa tudu, wanda aka buɗe a 1929, shi ne cibiyar mulkin gari. Can ake yanke yadda za a kashe harajin da kakanninmu suka biya tare da kowa.

A wancan tsari Bahaushe ba ya zaɓen kowa, amma yana da ƙofa. Sarkin Sabo hukuma ta san da shi, in ya yi magana da yawun unguwa yake yi. To, wannan ƙofa ce dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Yamma ta 1952 ta rufe. Dokar ta kawo majalisun da mafi yawan wakilansu zaɓaɓɓu ne, En'e ta kau, ƙuri'a ta maye gurbin rawani. A wajen 'yan boko ci gaba ne, kuma ci gaban ne. Sai dai unguwar da mutanenta ba su wuce 'yan dubbai ba a cikin gari mafi girma a Yamma, me ƙuri'arta za ta tsinana? Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 ya rubuta littafi a kanmu, yana ganin ba banza ba a daidai waɗannan shekaru ne mutanen unguwa suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gadan-gadan, har suka tsai da Juma'arsu a cikin Sabo. A ganinsa, da hukuma ta janye amincewar da ke riƙe da unguwa, sai jama'a suka nemi wata igiyar da za ta ɗaure su wuri guda. Malamanmu ba lallai su yarda da wannan fassara ba, don su cewa za su yi hasken ɗariƙa ne ya jawo mutane, ba lissafin siyasa ba. Amma shekarun dai sun zo ɗaya.

Zaɓaɓɓiyar majalisar garin ba ta daɗe ba ta gane cewa ita ma ba ta da 'yanci. A 1954 Adegoke Adelabu da ƙawancensa na Mabolaje da NCNC suka lashe zaɓen majalisar Badun, ya zama shugabanta, alhali gwamnatin Jihar Yamma tana hannun Action Group ta Awolowo, kuma hedkwatarta a nan cikin garin take. Kun ga an haɗa kura da akuya a ɗaki guda, kowa kuma yana cewa ɗayan ne kurar. Gwamnatin jiha ita ke amincewa da kasafin majalisa, ita ke ba da tallafi, ita ke ɗora ƙarin haraji don ilimi kyauta da aka fara a Janairun 1955, amma majalisar gari ce ke shiga lungu-lungu ta karɓo, ita talaka ke gani, ita yake zagi. Ba a jima ba aka kafa kwamitin bincike kan zargin almundahana a majalisar, a 1956 aka rushe ta. Ko da laifi ko babu, daga ranar kowane gwamna ya koyi darasin: majalisar da ba taka ba ce, akwai hanyar kawar da ita.

Harajin nan shi ya haifi tawayen Agbekoya a 1968 da 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Manoman koko na ƙauyukan da ke kewaye da Badun suka ce sun gaji da biyan kuɗin da ba sa ganin amfaninsa, ga ma'aikatan majalisa na wulaƙanta su. Suka yi tattaki zuwa Mapo, suka fasa kurkukun Agodi a Satumbar 1969 suka saki 'yan uwansu. Sai da Awolowo ya taka da ƙafarsa ya je ya gana da jagoransu Tafa Adeoye, aka rage harajin, aka janye ma'aikata daga ƙauyuka. Manoma sun yi nasara. Amma tun daga nan harajin kai ya zama abin tsoro ga kowace hukuma, ga kuma kuɗin man fetur ya fara kwarara, sai ƙananan hukumomi suka daina dogaro da aljihun mutanensu suka koma kallon sama. Wannan, a ganina, shi ne mafi girman sauyi a duk tarihin. Hukumar da ke karɓa daga hannunka dole ta ji tsoronka. Wadda ke jiran rabo daga babban birni kuwa, mai rabon take tsoro.

Gyaran 1976 na zamanin Obasanjo soja ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati a duk faɗin ƙasa, da tsari iri ɗaya, da haƙƙin samun kaso daga asusun tarayya. A shekarar aka ƙirƙiri Jihar Oyo. Birnin ya zama hukuma guda, IMG, sunan da har yau muke gani a jikin makarantun firamare ko da yake hukumar ta daɗe da rasuwa. Kason ya fara da kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980, Babangida ya ɗaga shi zuwa 15, daga baya 20, ya kuma sa a riƙa tura kuɗin kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun gwamna ba. Shi ne kuma a 1991 ya yanka cikin birnin gida biyar, Sabo ta faɗa Ibadan ta Arewa mai hedkwata a Agodi. In aka haɗa da na kewaye, Badun na da ƙananan hukumomi 11 cikin 33 na jihar. An ce an kawo gwamnati kusa da jama'a. Haka ne, amma ruwan Ogunpa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ya ci mutane a Agustan 1980 lokacin gari na hukuma guda, ya sake ci a Agustan 2011 lokacin an rarraba shi, kuma da aka tashi yin babban aikin magance ambaliya da rancen dala miliyan 200 na Bankin Duniya, gwamnatin jiha ce ta riƙe aikin, don babu ciyaman ɗin da ikonsa ya kai tsawon kogin.

Yanzu mu zo kan tsarin mulkin 1999, don nan gizo ke saƙar. Sashe na 7 ya ce dole a samu zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, amma a numfashi guda ya ce majalisar dokokin jiha ce za ta yi dokar kafa su, da tsarinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. Sashe na 162 kuma ya ƙirƙiri asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wato kuɗin ciyaman daga Abuja sai sun fara sauka a wani asusu da ke hannun jiha, sannan a raba bisa dokar da majalisar jiha ta yi. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kafin kuɗin su iso sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire fansho, an cire kason sarakuna, an cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Abin da ya rage, in an biya ma'aikata, da ƙyar ya yashe lambatu biyu. A ɗaya ɓangaren, doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 na harajin da ita ta tara a cikin gida. Ku tambayi duk wani tsohon kansila sau nawa ya ga wannan kuɗi.

Ba rabon Abuja kaɗai aka taɓa ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa abin da ke na ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, harajin gidaje. Ku duba jerin nan da kyau, kusan duk inda Bahaushen Badun ke neman abincinsa ne, har da inda za a kai shi ranar ƙarshe. Amma ɗaya bayan ɗaya jiha ta riƙa janye masu maiƙo. Shara ta koma hannun hukumar jiha. A 2018 gwamnatin Ajimobi ta tilasta wa mahauta barin Bodija su koma babbar mayanka ta Amosun a Akinyele, har aka yi arangama da asarar rai, kuma duk mai harkar shanu ya san yadda abin ya taɓa ciniki. A 2019 Gwamna Makinde ya dakatar da ƙungiyar direbobi, a 2020 jiha ta kafa nata tsarin kula da tashoshi. Kowane mataki yana da hujjarsa, wasu hujjojin ma masu kyau ne, don rikicin tasha ya ci rayuka ba kaɗan ba a garin nan. Sai dai sakamakon guda ne: wanda ke yanke hukunci kan kasuwarka da tasharka yanzu ba kansilan da kake iya tarewa bayan Azahar ba ne.

Maganar rushewa ma ba ta mutu da Adelabu ba. Shekaru aka yi a jihar nan ana mulkin ƙananan hukumomi da kantomomi na naɗi. Ajimobi ya yi zaɓe a Mayun 2018, har da sababbin yankunan raya ƙasa 35 da ya ƙirƙira. Ranar da Makinde ya hau mulki, 29 ga Mayu 2019, ya sallame su duka. Kotun Ƙoli ta yanke a Mayun 2021 cewa sallamar ta saɓa doka, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu, amma a lokacin wa'adinsu ya zo ƙarshe. Wannan jam'iyya ta yi wa waccan, waccan ma ta yi wa wannan a wata jihar. Ba halin mutum guda ba ne.

Ciyamomi ta bakin ƙungiyarsu ALGON, da ma'aikata ta bakin NULGE, sun daɗe suna neman a soke asusun haɗin gwiwa. Majalisar Tarayya ta amince da gyaran fiye da sau ɗaya, amma gyaran tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun sa hannu, kuma a nan yake mutuwa, na baya-bayan nan a 2023. Ai ba abin mamaki ba ne, ana roƙon mai riƙe da makulli ya jefa shi rijiya da kansa. Daga ƙarshe gwamnatin tarayya ta kai jihohin duka ƙara, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, kuma hukumar da ba zaɓaɓɓiya ba kada a ba ta ko kwabo.

An yi murna, amma kada mu ɗauka an gama. Hukuncin bai goge sashe na 7 ba. Majalisar dokoki da ke Agodi, mai kujeru 32, har yanzu ita ke da ikon faɗin wane haraji ciyaman zai karɓa, wane aiki ne nasa, shekara nawa zai yi, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensa. A wasu jihohi tuni aka yi dokokin da ke umartar ciyamomi su mai da wani kaso na kuɗin cikin asusun da jiha ke kula da shi. Saboda haka buƙatun hukumar gari a gaban majalisar jiha suna nan yadda suke, sai dai a ƙara da wanda ya fi damunmu: ko kuɗin sun iso Ibadan ta Arewa cif, babu dokar da ta ce ga rabon kowace mazaɓa. Unguwar da ba ta da mai tsaya mata ranar da ake tsara kasafi, za ta iya wayar gari ciyaman ya yi arziki, lambatunta na nan a toshe.

Akwai kuma wani lissafi da ba mu cika kula da shi ba. Wajen raba kason ƙananan hukumomi, kashi 40 daidai wa daida ake yi, kashi 30 kuma bisa yawan jama'a, ragowar ya tafi ga faɗin ƙasa da irin su yawan 'yan makaranta da ƙoƙarin tara haraji. Yawan jama'ar da ake aiki da shi na ƙidayar Maris 2006 ne, wadda ta ba Ibadan ta Arewa mutum dubu ɗari uku da 'yan kai. Duk ɗan Sabo da ya ɗaure kayansa ya tafi gida a makon nan don a ƙirga shi a garin kakanninsa, kasonsa can yake zuwa kowane wata har yau, shi kuwa yana nan yana shan ruwan rijiyar Sabo, 'ya'yansa na zaune a ajin IMG.