Hodar da ke haske a duhu: Goiânia, 1987

1/ Jama'a, tarihinmu na yau daga Brazil ne. Wasu 'yan jari-bola biyu ne suka tsinci ƙarfe, gari guda ya shiga uku. Ku biyo ni 🧵

2/ Ranar 13 ga Satumba 1987, a birnin Goiânia, suka shiga wani asibiti da aka tashi aka bari. Suka kwance kan na'urar gashin cutar kansa, suka turo shi gida a baro. Ashe akwai hoda mai ɗauke da sinadarin siziyom-137 a ciki, kimanin giram 93.

3/ Tun a ranar suka fara amai. Ɗayansu ya je asibiti, aka ce wani abu ya ci. Suka ci gaba da fasa ƙarfen, suka sayar wa wani mai gidan gwangwan.

4/ Da dare mutumin ya ga abin yana ba da shuɗin haske. Ya ɗauka dukiya ce, ya kira dangi ya rarraba musu hodar. Wasu har a jiki suka shafa. 'Yar ɗan'uwansa mai shekara 6 ta yi wasa da ita, ta ci abinci da hannun.

5/ Tururin nukiliya ba ya wari, kuma ba ka jin zafi lokacin da yake ratsa ka. Ɓargo yake lalatawa, inda ake yin jini. Sai amai da zawo, zubewar gashi, ƙuna a fata, garkuwar jiki ta rushe.

6/ Matar mai gwangwan ce ta lura tun zuwan ƙarfen nan kowa ke ciwo. Ranar 28 ga Satumba ta sa shi a leda, ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Wannan ne ya tona asirin.

7/ An gwada mutum kusan 112,000, an samu sinadarin a jikin 249 ko tufafinsu. Huɗu sun mutu, har da matar da yarinyar. An binne su a akwatunan dalma, an rushe gidaje.

8/ 'Yan uwa masu harkar gwangwan: in kun ga ƙarfe mai nauyin gaske da alamar fuka-fukai uku kamar fanka a kan rawaya, kar ku fasa, kar ku kai gida. Ku yi nisa, ku sanar da hukuma. A tura musu wannan. Allah Ya tsare.