Ɗakin Ƙasa da Kwalin Ƙwai

Matasanmu na Tasawa da Mayahi masu ɗaukar waƙa a gida sukan manna kwalin ƙwai a bango, su ce situdiyo ta haɗu. Ina ganin tarihi zai rage musu asara.

A 1895 aka ɗora wa Wallace Sabine, malami a jami'ar Harvard ta Amurka, gyaran wani zauren lacca da amsa-kuwwa ta hana jin magana a cikinsa. Ya riƙa jidar katifun kujeru da dare, yana auna daƙiƙoƙin da sauti ke yi kafin ya mutu. Da haka ya gano yadda abu mai laushi ke shanye amo. A shekarun 1970 kuma, Bajamushe Manfred Schroeder ya ƙirƙiro allo mai ramuka masu bambancin zurfi, wanda ke warwatsa sauti.

Duka biyun gyaran cikin ɗaki ne. Ƙarar babur da injin niƙa kuwa, kwali ba ya tare ta, sai bango mai nauyi da ƙofar da ba ta da kafa. A nan katangar tubali da rufin soro, waɗanda muke rushewa, sun fi bulo da kwano. Kafin ka sayi makirfo, leƙa ɗakin kakanka.