FIJO 504: MOTAR DA FARANSA TA HAIFA, KADUNA TA GOYA

Jama'a, tunda kwanan nan ana ta maganar gwamnati ta riƙa sayen kayan gida, ga kuma kuɗin mota 'yar Kwatano ya fi ƙarfin ma'aikaci, bari mu waiwayi tarihin motar da ta taɓa haɗa gwamna da malamin makaranta da direban tasha a kan sitiyari iri ɗaya. Peugeot 504 nake nufi, wadda mu nan muke kira Fijo. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Kamfanin Peugeot ya fito da ita a watan Satumba na 1968 a birnin Paris. Da tun farkon bazara za a nuna ta, sai yajin aiki da zanga-zangar watan Mayu na shekarar suka tsayar da komai a Faransa. A masana'antarsu ta Sochaux aka ƙera ta, kamfanin Pininfarina na Italiya kuma ya sa hannu a zanen jikinta, ga ta kuma da fitilun nan masu kusurwa da ake gane ta da su tun daga nesa. A 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai. Ita ce ta gaji 404, wadda iyayenmu suka riga suka sani.

To me ke cikinta? Inji ne mai silinda huɗu, da farko cc 1796, daga 1970 aka ƙara shi ya koma cc 1971, wato lita biyu ke nan. Akwai kuma mai shan gas. Giya huɗu ce, ta farkon a jikin sitiyari take, daga baya aka sauko da ita ƙasa. Injin yana gaba, tayoyin baya ke tura motar. Tsawon salun kusan mita huɗu da rabi ne, nauyinta wajen kilo 1,200, kuma tana wuce kilomita 150 a awa idan ta samu hanya. Daga baya aka fito da doguwar, mai layin kujeru uku, wadda aka yi domin iyali mai mutum bakwai. Mu kuwa muka mayar da ita motar tasha, 'yan kamasho suka san yadda za su ƙara mata fasinja. A ƙarshe aka yi a-kori-kurarta.

Amma waɗannan lambobin ba su ne sirrinta ba, don akwai motocin zamaninta da suka fi ta gudu da kyau. Sirrin yana ƙarƙashinta. Tana da tsayi daga ƙasa. Shokozobanta suna da dogon zango, shi ya sa take shanye gargada kamar raƙumi a rairayi, wanda ke ciki bai ji komai ba. Farfelarta kuma a cikin wani bututun ƙarfe take, dutse ko rami ba ya samun ta kai tsaye. Sannan babu kwamfuta, babu na'urar da sai an jona ta faɗi ciwon mota. Kafireta ce da filogi da lagireto. Bakaniken da ke gindin bishiya a Funtuwa ko Maraɗi zai kwance injin da safe, kafin la'asar ya ɗaura. Wanda ya taɓa lalacewa a daji da motar zamani ya san darajar wannan.

Turawa ma sun gwada ta a ƙasarmu ta Afirka. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, tseren da ake ɗauka ya fi kowanne kashe mota a lokacin. A shekarar dai ta ci na Maroko da na Kwaddibuwa. Wannan ya ƙara mata suna daga Dakar har Nairobi.

Yanzu mu dawo gida. An kafa kamfanin PAN a 1972 da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Peugeot na Faransa, aka gina masana'anta a Kakuri, Kaduna, ta fara aiki a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Abin da matasa da yawa ba su sani ba, shekarun farko a jirgin sama ake kawo sassan motar daga Lyon zuwa Kano, sannan a ɗauko su a mota zuwa Kaduna, saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas. Ku duba irin muhimmancin da aka ba abin. Kuma PAN ba ita kaɗai ba ce: akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, ANAMMCO a Inugu, da ta manyan motocin Fiat a Kano.

Abu uku suka haɗu suka ɗaga 504. Na farko, gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, Fijo ta zama motar hukuma, manya suka sauko daga Marsandi. Na biyu, akwai bashin mota ga ma'aikata, ana cirewa a albashi sannu a hankali, ga kuma ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a hannun mutane. Na uku, naira tana da ƙarfi, a lokacin ta fi dala daraja. Saboda haka wanda ya gama jami'a ya kama aiki yana iya sa ran sabuwar mota fil, a leda, cikin 'yan shekaru. Mu da muka shigo aiki daga baya, labari kawai muka tarar.

A Faransa an daina ƙera salun ɗin a 1983, bayan 505 ta karɓe ta, an kuma yi sama da miliyan uku. Amma ta ci gaba da rayuwa a wasu ƙasashe: Ajantina har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa har 2006. Ku lissafa, kusan shekara talatin da takwas ke nan daga fitowarta, kuma numfashinta na ƙarshe a wajenmu ta yi shi.

A nan ne nake so mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Shekara talatin muna haɗa mota ɗaya, amma ba mu kai ga ƙera injinta ko giyarta ba. Ƙarfen da ya kamata Ajakuta ta ba mu bai zo ba. An samu taya da batir da kujeru da fenti na gida, wannan gaskiya ne, amma zuciyar motar daga waje take zuwa, da kuɗin waje. Shi ya sa da tsarin SAP ya zo a 1986 aka karya naira, farashin sabuwar Fijo ya tashi sama, ma'aikaci ya daina hango ta. Sai ƙofar tokumbo ta buɗe. Hukumomi da kansu suka juya baya suka koma manyan jif na waje. Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu na taya wajen 2007 da 2008. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, daga baya bashi ya sa AMCON ta karɓe ta. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an ce, tashar wulaƙanci za ta sauke shi.

Yau akwai sabon yunƙuri. Dangote da abokan hulɗarsa suna haɗa Fijo a hanyar Kaduna zuwa Abuja, Innoson na yi a Nnewi. Muna yi musu fatan alheri. Sai dai tarihin 504 ya nuna masana'antar mota ba ta tsayuwa da bikin yanke kyalle. Tana buƙatar motar da ta dace da hanyarmu da bakanikenmu, gwamnatin da za ta saya ta hau da kanta, bashi mai sauƙi ga mai albashi, da masu ƙera sassa a cikin gida. Na farkon uku mun taɓa samu, na huɗun ne ya kayar da mu. Kuma masu hannun suna nan: duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga yadda ake raya mataccen ƙarfe, ya san ba basira muka rasa ba.

Har gobe za ka ga tsohuwar 504 a hanyar ƙauye ranar kasuwa, an lafta mata buhuna, bayanta ya zauna, tana tafiya abinta. Wanda gidansu aka taɓa ajiye ta, ko ya yi doguwar tafiya a cikinta, ya faɗa mana wace shekara ce kuma wace hanya. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka hau ta, Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa.