Yadda Hira Ta Zama Haja A Jirgin Ruwa

Duk faɗin Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, babu kogin da ke ɗaukar jirgi. Dallol Mawri kwari ne da ruwansa ya ƙafe tun kafin kakannin kakanni. Duk da haka Arawa sun san teku tun ba su san jirgin sama ba. Tsofaffin sojan Faransa da aka kai Indocin da Aljeriya ta ruwa suka tafi, haka ma ƴan lakwal na farko da suka je ƙaro karatu. Mu da muke cin abinci yau a jiragen yawon hutu, daga waɗancan jirage sana'armu ta fito.

Hanyar kanta aiki ce. Mutum ya hau mota zuwa Dosso, ya gangara Gaya, ya ƙetare Kwara zuwa Malanbil, ya sake neman mota zuwa Faraku, sannan jirgin ƙasa ya yi kilomita 438 da shi zuwa Kwatano. Kafin 1965 Kwatano ba ta da tashar da babban jirgi zai raɓa. Can cikin teku yake tsayawa. Sai a zaunar da fasinja cikin wani irin kwando, injin ɗaga kaya ya sauke su cikin ƙaramin jirgi, in an isa gindin babban a sake janye su sama. Kamfanin Chargeurs Réunis na zuwa daga Bordo da jirage irin su Brazza da Foucauld, Fraissinet da Fabre kuma daga Marsai da Général Mangin da Jean Mermoz. A ɓangaren Ingilishi akwai Elder Dempster, mai jirgin Aureol da ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Libaful a 1951. Ta wannan hanyar Legas da Ingila ce Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi zuwa hajji a 1921.

Tafiyar Kwatano zuwa Faransa wajen mako biyu ce, ana yada zango a Abijan, Konakiri da Dakar. Mutum ɗaruruwa a tsare wuri guda, babu inda za su, gaba ruwa baya ruwa. In ba a ba su abin yi ba, faɗa za su yi. Nan aikinmu ya samo asali. Kwamisan jirgi, wanda ainihin aikinsa kuɗi ne da takardu, shi aka ɗora wa tsara yini: jifan zobe a filin sama, tura faifan katako da sanda, tseren dawakan itace da ake motsawa da ɗan lido, cacar cankar nisan da jirgi ya ci daga tsakar rana zuwa tsakar rana, majigi da dare, rawar ɓad-da-kama, da liyafar kyaftin a daren kusa da ƙarshe. Jiragen da ke wucewa har Pointe-Noire a Kwango suna ƙetare layin tsakiyar duniya, a nan ne wani matuƙi ke shigar sarkin ruwa, a kama wanda bai taɓa ƙetarewa ba a shafe shi da kumfa a tsoma cikin ruwa. Har gobe muna yin wannan wasa, kuma har gobe ba a rasa mai fushi.

Amma fa duk wannan na bene ne, na Nasara ma'aikatan mulki da ƴan kasuwa da kaɗan daga manyanmu. Soja da talaka a ƙasa suke, cikin babban ɗaki mai gadaje bisa gadaje, kusa da rurin inji. Babu wanda ya tsara musu yini, su suka tsara wa kansu: karta, dara, tatsuniya, shayi, gardamar wane gari ya fi wane ƴan kokawa, sallar jam'i a inda aka samu sarari. A ganina su ne suka fi fahimtar sana'ar. Abin da ke riƙe mutum a teku shi ne samun majalisa, sauran duk ƙawa ce.

Jirgin sama ne ya kashe wannan zamani. An kafa Air Afrique a 1961, tafiyar mako biyu ta koma ta wuni guda, fasinja suka watse. Aureol ya jure har 1974. Jean Mermoz kuwa, wanda aka ƙera a 1957, an kai shi Jenowa ta Italiya a 1970 aka sake masa ciki, aka gajarta sunan ya zama Mermoz, ya koma jirgin hutu na kamfanin Paquet. Ya yi suna da bukin kiɗa a teku, Faransawa masu kuɗi suna rububin ɗaki a jirgin da a da yake kai-kawo da mutanenmu. An sayar da shi a 1999, aka yanka shi ƙarfe a Alang ta Indiya a 2008. Da ma dabarar tsohuwa ce: tun 1891 Albert Ballin na Hambag ya tura jirginsa yawon Bahar Rum don kada ya zauna banza da hunturu. Sai dai bayan jirgin sama, abin da ke cike gurbi ya zama shi ne hajar. A Miyami ta Amurka aka mai da shi kasuwar kowa da kowa, musamman bayan kafa kamfanin Carnival a 1972. Jirgin Icon of the Seas da ya fito a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, da ma'aikata sama da 2,000.

Ga abin da fasinja bai cika sani ba. Kuɗin tikiti ba shi ne ribar ba. Ribar tana mashaya, gidan caca, kantuna, hoto, wurin tausa da yawon gari. Shi ya sa ranar da jirgi bai tsaya ko'ina ba, wadda muke cewa ranar teku, ita ce ranar kasuwarmu; a yawancin tashoshi kanti da caca a rufe suke. Takardar shirin gobe da ake tura wa kowa ɗaki da dare, ba da ka ake rubuta ta ba. An auna ta don a raba jama'a, kada dubbai su taru a wurin cin abinci lokaci guda, kuma kowace hanya zuwa wasa ta ratsa gaban kanti. Mai wayo yakan zaɓi abu biyu a wuni, ya bar sauran. Abinci, wasannin dare da wurin ninƙaya duk suna cikin abin da ya riga ya biya.

Benen ƙasa kuma bai ɓace ba, mu ma'aikata muka gaje shi. Ƴan Filifin, Indonesiya da Indiya ne suka fi yawa, kwantiragi wata shida zuwa tara babu ranar hutu cikakkiya, mutum biyu a ɗaki marar taga. Bayan an rufe zaure, nan ake kafa tamu hirar, kuma nan Musulmin jirgi ke sanin juna.

Fasinja Musulmi kam an daɗe ba a yi lissafi da shi ba. Alƙibla na juyawa da juyin jirgi, naman halal sai an nema tun kafin a tashi, rabin shirin dare kuma giya ce ke jansa. A Disamban 2024 kuwa Saudiyya ta fito da jirgin Aroya daga Jidda, babu barasa, babu caca, akwai wuraren salla. Ga mai hali daga Dutsi ko Tibiri, Jidda ta fi tashar Turai irin Barsalona sauƙin kaiwa, don hanyar umara ce da ya riga ya sani, kuma ba sai ya bi layin bizar Turai a Yamai ba.