Zinariyar da Bature Ya Bari

Jama'a, masu hannu da shuni na ta gardama a otal-otal ɗin Abuja: wai akwai sauran zinariya a ƙasa, ko ta ƙare? To, mu dai mun ji daga bakin kakanninmu. Tun 1913 ake haƙar ta, a shekarun 1930 kuwa mutanenmu suka yi ta kwarara Minna da Birnin Gwari, kowa da ƙwaryar wanki. Ba ƙarewa ta yi ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa Bature ya kwashe leburori zuwa haƙar kuza a Jos a 1942. Daga baya talakawa suka koma nema da hannu, har a 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara.