Wa Ke Zaɓa, Wa Ke Biya: Tarihin Kayan Ƙawayen Amarya

A ranar 10 ga Fabrairu, 1840, Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shiga majami'ar fadar St James da ke Landan domin ɗaurin aurenta da Yarima Albert. 'Yan mata goma sha biyu ne suka take mata baya, dukkansu 'ya'yan manyan masu sarauta, sanye da fararen riguna iri ɗaya da aka ƙawata da fararen furanni. Aikinsu shi ne riƙe jelar rigar amarya, wadda tsawonta ya kai yadi shida. Yadi shida kuwa, tsawon turmin atamfa ke nan, ya yi wa mutum goma sha biyu kaɗan. Ɗaya daga cikinsu, Wilhelmina Stanhope, ta ba da labari daga baya cewa a cunkushe suka yi tafiyar, suna taka dugadugan juna da bakin rigunan juna.

Sarauniyar da kanta ta zana fasalin rigar da ƙawayen za su sa, ta miƙa zanen ga uwargidan da ke kula da tufafin fada. Zaɓen 'yan matan ma sai da ya zama abin muhawara. Ango ya so a ɗauko waɗanda ba a taɓa jin wani abin kunya game da iyayensu mata ba, firaminista Melbourne kuwa, wanda ya san gidajen masu sarautar ƙasarsa ciki da bai, ya nuna cewa da wannan sharaɗi da wuya a cika goma sha biyu. Bayan biki kowace ƙawa ta sami kyautar abin maƙalawa a ƙirji mai siffar gaggafa, wanda aka yi wa ado da shuɗin dutse. Rigar amaryar kanta siyasa ce: an saƙa sililinta a unguwar Spitalfields ta Landan, aka yi leshinta da hannu a yankin Devon, domin a ɗaga darajar masaƙan gida a lokacin da kasuwarsu ke ja da baya.

Ba Biktoriya ce ta ƙago rakiyar amarya ba, ba kuma ita ce ta fara yi wa masu rakiya sutura iri ɗaya ba. Amma bikinta ne aka zana, aka buga a jaridu, aka yi ta kwaikwayo har ƙetaren teku. A cikinsa kuma akwai abin da ya bi wannan al'ada har yau: tufafin da ke jikin ƙawa magana ce da amarya ke yi game da matsayinta, a jikin wata.

Akwai labarin da ake yawan maimaitawa cewa asalin abin daga tsohuwar daular Rum ne, wai ana sa wa 'yan mata goma kaya irin na amarya domin aljanu ko masu ƙyashi su kasa gane wace ce ita. Labarin ya fi daɗin ji a kan ƙarfin hujja. Gaskiya ne wani nau'in auren manyan Rumawa yana buƙatar shaidu goma, amma shaida daban, ƙawar amarya daban, kuma dokar ba ta ce komai game da abin da za su sa ba. Bayanin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa yana cikin tarihin rini da saƙa.

Kafin zuwan injin, daidaita launi tsakanin riguna goma sha biyu aiki ne mai tsada ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san dalili. Baba da toka da ruwa ba sa ba da shuɗi ɗaya sau biyu. Ƙarfin rinin yana sauyawa daga rami zuwa rami, yana sauyawa ma a rami ɗaya daga wannan mako zuwa wancan. Haka abin yake a marinun Turai na wancan zamani. Saboda haka wanda ya iya fito da tawaga guda cikin launi ɗaya da ɗinki ɗaya ya gaya wa jama'a, ba tare da ya buɗe baki ba, cewa ya sayi ƙyalle mai yawa a lokaci guda kuma yana da maɗinka a hannunsa. Sarakuna ne ke iya yi wa dogarai da bayin fada haka. Talaka kuwa, ƙawayen 'yarsa sai dai kowa ta zo da mafi kyawun abin da ke cikin adakarta.

Abubuwa biyu suka karya wannan shinge cikin shekaru kaɗan. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar gawayi, sai ya ci karo da wani rini mai ruwan shanshanbale, wanda ya zama rinin sinadari na farko da aka yi kasuwancinsa da yawa. Kamfanonin Jamus suka karɓe fagen, har a 1897 BASF ya fara sayar da shuɗin sinadari, wanda daga baya ya shigo har marinun ƙasar Hausa ya raunana noman baba. Daga nan kamanceceniya ta yi araha. 'Yar akawu a Manchesta ko 'yar mai kanti a Filadelfiya ta sami ikon yin abin da a da sai gimbiya. Tsawon zamanin Biktoriya dai fari aka fi sa wa ƙawaye, kamar amarya. Sai daga baya aka bar wa amarya farin ita kaɗai, ƙawaye suka koma launuka. Gidan sarautar Ingila ne ya riƙe tsohon tsari, shi ya sa a 2011 aka ga Pippa Middleton cikin farar riga a bayan yayarta, abin da a bikin talakawan ƙasar za a ɗauka rashin ta-ido ne.

Da al'adar ta sauko daga fada zuwa gidajen ma'aikata, sai tambayar kuɗi ta taso, domin uban amarya mai albashi ba zai iya tufatar da 'ya'yan mutane shida ko takwas ba. Amurka ta warware matsalar ta wata hanya mai ban mamaki. Littafin ladubban zama da jama'a da Emily Post ta fitar a 1922, wanda ya zama abin dogaro ga iyalai masu neman shiga sahun manya, ya nuna cewa amarya ce ke zaɓar komai na jikin ƙawayenta ba tare da ta nemi ra'ayinsu ba, su kuma su biya. Iko ya zauna a hannu ɗaya, ɗawainiya ta koma wani hannun. A Ingila an fi sa ran amarya ta ɗauki nauyin rigunan, wanda hakan kan sa ta taƙaita yawan ƙawayen. Inda ƙawa ke biya kuwa, babu abin da ke taka wa amarya birki sai kunya.

Kasuwa ta ga wannan giɓi ta shige. Manyan kantunan Amurka suka buɗe sassa na musamman domin amare, mujallar da ta zama Brides ta fara fitowa a 1934, kantin David's Bridal da aka buɗe a jihar Florida a 1950 ya bunƙasa har ya mamaye ƙasar. Tsarin oda da ya kafu shi ne wanda har yanzu ake bi: a gwada samfuri a kanti, a auna kowace ƙawa, a biya kafin alƙalami, a jira watanni, sannan a kai wa tela ya rage ko ya ƙara. Jiran ya ƙara tsawo da ɗinkin ya koma garuruwan Sin irin su Suzhou da Chaozhou. Masu kanti kuma suna nanata wa amare cewa a yi odar dukkan rigunan a lokaci guda, saboda a yanko su daga ƙyallen da aka rina a zubi ɗaya. Ashe matsalar marinar Ƙofar Mata ba ta mutu ba. Injin ya rage ta ne kawai. Ita kanta David's Bridal sau biyu tana neman kariyar kotu daga masu bin ta bashi, a 2018 da 2023, a daidai lokacin da amare suka koma saye ta intanet, wasu kuma suka fara barin kowace ƙawa ta zaɓi ɗinkinta muddin launin ya zo ɗaya.

A ƙasar Hausa abin ya zo ta wata ƙofa dabam, kuma kalmomin da ake kiransa da su ne ke nuna hanyar. Ashobe daga Yarabanci yake, inda asalin ma'anarsa ita ce tufar dangi. Anko ma daga kudu ya hauro, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne cewa ya samo asali daga guntuwar kalmar Turanci da ake liƙawa a ƙarshen sunan kamfani, mai nufin wane da abokan tarayyarsa. Masanin al'adu William Bascom ya danganta al'adar da ƙungiyoyin tsara na Yarabawa, waɗanda kan sa kaya iri ɗaya a ranakun buki. Okechukwu Nwafor, a littafinsa na 2021 kan wannan batu, ya fi mai da hankali ga Legas ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da kuɗi da ƙyallen waje suka wadata a birnin. Bayanan biyu ba sa karo da juna: ɗaya ya faɗi tushen, ɗaya ya faɗi abin da ya shayar da shi. Hausawa dai suna da ƙawayen amarya da babbar ƙawa tun kafin wannan, da rawar da suke takawa a kamu da sa lalle da kai amarya. Abin da aka aro shi ne sharaɗin cewa sai sun fito cikin zane ɗaya.

Zanen kansa baƙo ne da ya zama ɗan gida. Atamfa ta samo asali daga ƙoƙarin masana'antun Holan na kwaikwayon rinin kakin zuma na tsibirin Java da injin. Mutanen Java ba su karɓe ta ba, domin suna ganin tsattsagewar launin aibi ce. A gaɓar tekun Gana kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19, wannan aibin ne aka so. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, shi ne ya rage daga cikinsu, shi ne kuma mai 'yar Holan da ake alfahari da ita a lefe. Leshi ya biyo ta hannun masu surfanin injin na garin Lustenau a Ostiriya, waɗanda suka ƙulla ciniki da 'yan kasuwar Legas tun shekarun 1960, shadda gezna kuma sunanta na kamfanin Getzner ne na ƙasar ta Ostiriya. Wato kamar yadda ya faru a Turai, anko bai yiwu ga kowa da kowa ba sai da injin ya iya buga zane ɗaya sau dubbai.

Akwai lokacin da injin ɗin yake a gida. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna, a shekarun 1960 kuma UNTL ta biyo baya ta zama mafi girma a ƙasar. Kano ma ta cika da masaƙu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. A wancan zamani audugar da aka noma a Funtuwa ko Gusau tana iya komawa garin a matsayin ankon biki, kuɗin da ƙawa ta biya kuma wani ɓangarensa ya zama albashin wani magidanci a Kakuri. Faɗuwar darajar naira bayan 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararar atamfa mai araha daga Sin ta kan iyakokin Nijar da Binin, suka durƙusar da masana'antar. Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofarta ta Kaduna a 2007. Biktoriya ta mai da bikinta tallan masaƙan ƙasarta. Bukukuwan Arewa kuwa yanzu masaƙun wata nahiya suke ciyarwa.

Ta fuskar biya kuwa, anko ya fi kusa da tsarin Amurka, har ma ya zarce shi. Amarya ko uwarta ko babbar ƙawa ce ke shiga Kantin Kwari ta zaɓa, sauran su saya. Bambancin shi ne a Amurka mutum biyar ko shida abin ya shafa, a nan kuwa da'irar ta faɗaɗa: ankon ƙawaye daban, na dangin uwa daban, na dangin uba daban, na abokan ango daban, sau da yawa kuma kowane zama da nasa, na kamu ba shi ne na dina ba. Wani lokaci akan ɗora ɗan abu a kan farashin kasuwa, a matsayin gudummawar da ba a kira ta da sunanta ba. Masu kare al'adar suna da hujja mai ƙarfi: anko yana rufa asiri, domin ranar biki 'yar mai kuɗi da 'yar malamin makaranta zane ɗaya suke ɗaurawa, kuma bashi ne na zumunci da ake ramawa idan bikin wadda ta saya ya zo. Sai dai daidaiton yana ƙarewa ne a bakin shagon tela, inda kuɗin ɗinki da duwatsu da ɗaurin kallabi kan ninka kuɗin ƙyallen. Ma'aikaciyar da ƙawayenta uku suka sa rana a wata guda, kamar yadda kan faru bayan sallah ko a ƙarshen shekara, ita ta san abin da ya rage a albashinta, ta kuma san yadda za a fassara rashin ganinta cikin hoto.

A wani abu guda anko ya fi rigar ƙawa ta Turawa hikima. Ita waccan an ɗinka ta ne domin yini ɗaya, har ta zama abin barkwanci a fina-finan Amurka. Anko kuwa ƙyalle ake raba wa mutane, kowa ta kai wa telanta ya ɗinka abin da ya dace da jikinta da mutuncinta, bayan biki kuma ya shiga cikin kayan fita unguwa. Abin da amaren Amurka suka fara yi a 'yan shekarun nan, na haɗa launi a bar ɗinki, shi ne abin da ake yi a Legas da Kano tun da daɗewa. Amma tsohuwar matsalar rini tana nan a Kantin Kwari kamar yadda take a Florida. Ɗan kasuwa mai gaskiya yakan gaya wa uwar biki ta ƙirga mutanenta da kyau ta ɗauki adadin turamen gaba ɗaya, domin idan dilar ta ƙare, wadda za ta iso bayanta tana iya zuwa da zane ɗaya da suna ɗaya, amma jan ya ɗan fi duhu, kuma a hoton biki za a gane wadda ta biya a makare.